Kaluluwar da Ta Sa Na Tona Wa Kaina Asiri

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na yi bankwana da duniya a ɗakin malamai ba, alhali ga ni yau garau ina ba ku labari. A lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Kaura Namoda, shekarata ta biyu da fara aiki. Kaina cike yake da takarda, ina jin duk garin ba wanda ya kai ni sanin abin da ke cikin jikin ɗan'adam.

A zangon nan ma darasin garkuwar jiki nake yi wa ɗalibai. Na zana musu mutum a allo, na nuna ɓargo inda ake ƙera sojojin jini, na nuna saifa mai tace jinin, sannan na yi ɗigo-ɗigo a wuya da hammata da matsematsi. Na ce waɗannan 'yan ƙullutu kamar shingen bincike suke a kan hanya: ƙwayar cutar da ta shigo ta wani rauni nan ake tare ta, idan faɗa ya yi zafi sai wurin ya kumbura. Har na ce duk wanda ya manta wannan a jarrabawa kada ya gaishe ni a hanya. (Sun riƙe. Ni ne ban riƙe ba.)

Wata Asabar na je ƙauyen Ɗan Isa taya kawuna yankan dawa, wuƙa ta yanke ni a babban yatsan hagu. Na yagi tsumma na ɗaure, na ci gaba da aiki, don kada a ce ɗan boko ba ya iya gona. Ranar Litinin da safe ina wanka sai na ji wani abu a hammatata ta hagu, kamar ƙwayar gujiya, in na taɓa da zafi.

Maimakon in tuna allona, sai na ɗauko waya. Waya kuwa ba ta san rarrashi ba. Kafin in gama karin kumallo ta tabbatar min ciwon daji ne, ni kuma na yarda. Kwana uku abinci ya ƙi shiga. Ban gaya wa matata ba, kuma ban je asibiti ba, don tsoron kada su faɗi abin da na riga na sani. Sai dai in zauna in zuba wa 'yata ido tana rarrafe, tausayin kaina ya cika ni. Wallahi na ji tsoro, ba da wasa ba.

A gidan malaman addini na tashi, kuma tun muna yara mahaifina yake nanata mana cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Da na lissafa waɗanda na zalunta, shugaban makarantarmu ne a sama. Malam Garba dattijo ne mai kirki, sai dai in ya hau jawabin safe ba ya sauka. Zai gyara hula ya ce "sanarwa ta ƙarshe", sannan ya jero wasu biyar, rana tana dukanmu. Ni na laƙaba masa suna Sanarwa ta Ƙarshe, ni nake kwaikwayonsa in ba ya nan, har sunan ya tsallaka wurin ɗalibai. Shekara guda yana cigiyar wanda ya fara. Takardar tabbatar da ni a aiki kuma tana kan teburinsa tana jiran sa hannu, amma me mai mutuwa zai yi da takarda?

Ranar Alhamis, ana gab da tashi daga taron malamai, na miƙe. Na ce an jarrabe ni da ciwon da ba a tashi, ina neman gafarar kowa. Wata malama ta fara salati. Na juya wurin shugaba na ce, "Ranka ya daɗe, sunan nan da ake kiranka, ni ne. Ni na ƙirƙiro shi, ni nake kwaikwayonka." Ban tsaya nan ba, har da bayanin gyaran hula na yi, don in tafi da tsarkina.

Malam Garba ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Na yahe maka duniya da lahira, ɗana. Allah shi ba ka lahiya."

Da nan aka tashi, da na fita da mutuncina. Amma akwai Malam Tunau, tsohon malamin Hausa wanda rabin ransa yana gona, wanda a raina nake ganin bai san komai ba sai karin magana. Ya ce, "Malam, likita na yaf faɗa maka?"

Na ce a'a, bincike na yi.

"Ina ciyon yake?"

Na nuna hammata. Bai ko dubi wurin ba, hannuna ya bi da kallo. "Wanga tsumma hwa? Kwance mu gani."

Na kwance. Yatsan ya kumbura, ya yi ruwa, har wanda ke kusa da ni ya kau da kai.

Malam Tunau ya ce, "Haba Malam! Kaluluwa ta. Ko jikata ta san in ka ji ciyo ga hannu, hammata ka amsawa. Tahi a wanke maka yatsa, ka bar tada muna hankali."

Sai malamin lissafi, Allah ya saka masa, ya ce a hankali, "Ba shi ne zanen da ke allon ajinka ba? Shingen bincike?"

Ba a yi dariya nan take ba, kuma wannan ya fi ciwo. Sai da malamar nan mai salati ta toshe baki da mayafi, sannan ɗakin ya fashe. Na tsaya riƙe da tsumma, ina roƙon ƙasa ta tsage. Shugaba kaɗai bai yi dariya ba. Ya tattara takardunsa, ya goge ido, ya ce, "Mai mutuwa niy yahe ma. Kai mai rai, ka iske ni ofis ran Litinin."

A asibiti aka wanke yatsa aka ba ni magani, ma'aikaciyar ta yi min faɗan rashin zuwa da wuri, ta ce in kumburin bai sauka ba in dawo a duba. Ya fara sauka. Tsoron Litinin ne ya ƙi sauka, don yanzu ina da sauran rai, ina da iyali, kuma ina matuƙar son takardata.

Na same shi zaune, takardar a gabansa, biro a hannu. Ya ce in rufe ƙofa. Sannan ya jingina da kujera ya ce, "To, yi mani yadda kaka yi."

Na roƙe shi, ya ƙi. Haka na tsaya gaban dattijon nan, gumi yana keto min, na gyara hula, na shaƙe murya na ce, "Sanarwa ta ƙarshe." Ya kalle ni tun daga sama har ƙasa.

"Muryar ta yi," in ji shi. "Hular ce ba ka iya ba." Ya sa hannu, ya miƙo min.

Har yanzu na yarda neman gafara abu ne mai kyau, ban ce kowa ya fasa ba. Amma kafin mutum ya tara jama'a ya yi musu bankwana, ya fara kwance tsumma ya dubi yatsansa. Kaluluwa sati biyu ta yi ta sauka, abin da bakina ya faɗa kuwa har na bar makarantar bai sauka ba.