Jakar Yaya Ta Ruɓe Ba Bisa Ƙa'ida Ba

Ranar Talatar nan ni da yayata muka yi awa huɗu a kan benci a ofishin Kwamitin Koren Ganye, daga ƙarshe aka sallame mu da laifin da ban taɓa jin irinsa ba. Ku gyara zama, jama'a, in ɗauko muku daga tushe, don in na fara daga ƙarshe za ku ce na sha wani abu.

Shekara ashirin da biyu ke nan Yaya tana haɗa jakar takarda. Tana sayen buhunan siminti da aka juye, ta kakkaɓe, ta ɓare fallen tsakiya mai tsabta, ta yanka, ta ninke, ta liƙe da sitaci. Masu ƙusa, masu sabulu, masu kayan famfo, duk a jakarta suke ƙunsa wa mutane kaya. Da wannan sana'a ta rufa wa kanta asiri tun rasuwar mijinta, da ita ta yi wa 'ya'ya huɗu makaranta. Ni kaina, da har yau take kira Auta duk da furfurata, na ci arzikin sitacin nan ba kaɗan ba.

Farkon shekarar nan wani Ranka-ya-daɗe ya fito a rediyo ya ce ƙasa ta gaji da shara. Gaskiya ya faɗa, har na gyaɗa wa rediyo kai. Ya ce daga yanzu duk abin da za a ƙunsa kaya a ciki sai yana ɗauke da tambarin koren ganye, shaidar cewa in an yar da shi zai ruɓe ya koma ƙasa, ba zai toshe kwata ko ya kashe akuyar wani ba. Yaya ta ajiye almakashi ta ce, "Auta, yau dai an tuna da mu."

Ba a rufa mako biyu ba kowace leda a kasuwa ta tsiro da ganye. Baƙa da fara, ƙarama da babba, duk sun shiryu a lokaci ɗaya. Na yi mamakin irin wannan ci gaba, sai na tambayi maƙwabcina Mai Tawada, wanda yake aiki a maɗaba'ar da ake buga wa ledoji rubutu. Na same shi yana wanke babur.

"Maƙwabci, da me ake yin sabuwar ledar nan?"

"Wace sabuwa?"

"Mai ganyen."

"Ta bara ce. Ganyen ne sabo."

"To tana ruɓewa?"

Ya matse soso, ya ɗan yi tunani don kada ya yi mini ƙarya. "Ganyen dai yana kankarewa in ya sha rana."

Jakar Yaya kuwa ba ta da ganye. Wata safiya Mai Ƙusa, babban mai sayen kayanta, ya dawo mata da ɗauri shida a kan keke yana ta ba da haƙuri. Ya ce ma'aikatan kwamiti masu korayen riguna sun zagayo, sun ce in suka sake ganin takarda marar tambari a shagonsa za su garƙame shi da kwaɗo. Sauran masu shaguna suka bi sahu. Jakunkuna suka taru a ɗakin Yaya har suna taɓa silin. Mata biyu da suke taya ta ninki, ɗaya da goyo, ta ce su zauna a gida tukuna.

Muka nemi tambari kamar yadda doka ta ce. Aka ba mu fom a cikin leda, muka cike, muka haɗa da jaka goma a matsayin samfuri. Aka ce mu dawo bayan wata uku. Talatar nan wata ukun ya cika.

Ofishin, Allah ya sani, ya ƙayatar da ni. Kujerun manya har yau ba a cire musu ledar kanti ba, don kada muhalli ya ɓata su. A kan kowane tebur akwai robar ruwa uku ko huɗu. Ta bayan taga janareto yana ta aman hayaƙi don na'urar sanyaya ɗaki ta samu ta yi aikinta. Da layi ya zo kanmu aka shigar da mu wurin Yallaɓai Mai Duba Ruɓewa, matashi mai fara'a da ƙamshin turare. Ya buɗe fayil ya ɗan ɓata fuska.

"Mama, akwai matsala. Samfurinki ya lalace."

Ya sa masinja ya ɗauko kwali daga sito. Ashe rufin siton yana yoyo, gara kuma ta samu wurin zama. Aka buɗe. Babu jaka ko ɗaya, sai baƙar ƙasa mai laushi, irin wadda mai lambu zai yi kuka in ya gani. A tsakiya kuma wani ɗan tsiro ya fito, da ganye biyu, kore shar.

Yaya ta leƙa, fuskarta ta washe. "Alhamdulillahi. Ɗana, ai ka ga ta ruɓe. Ga ma ganyen nan ya fito da kansa."

Yallaɓai ya dubi tsiron, ya dubi fayil. "Wannan ganyen ba namu ba ne, Mama."

"Amma dai ta ruɓe?"

"Ta ruɓe, amma ba a gaban jami'i ba. Ba mu san ranar da ta fara ba, ba mu san ranar da ta gama ba, babu wanda ya sa hannu. A wurinmu wannan ba ruɓewa ba ce, lalacewa ce."

Na ce, "Yallaɓai, a yi mini afuwa, ni karatuna bai yi nisa ba. Su masu leda yaya suka ci jarrabawar?"

"Yawwa, Baba, ka kawo misali mai kyau. Su samfurinsu yana nan garau, a sito ɗaya da naku, ruwa ɗaya ya dake su. Ko gobe aka kawo injin gwaji za mu same shi yadda aka ajiye shi. Shi ya sa muka ba su tambarin wucin gadi."

"Yaushe za a kawo injin?"

"An kafa ƙaramin kwamiti."

Mutumin kirki ne, bai bar mu haka ba. Ya ba Yaya shawara ta kawo sabon samfuri, amma wannan karon ta naɗe shi da kyau a cikin leda. Da ta miƙa hannu za ta ɗauki kwalin, ya ce a'a, ya riga ya zama kayan ofis.

A waje Yaya ta zauna a gefen titi, tana kallon hannayenta da sitaci ya busar. Can ta ce, "Auta, me zan ce wa matan nan?" Na tare mana mota muka koma gida.

Jiya Laraba da safe sai ga Mai Ƙusa yana ɗingishi, ƙafa a naɗe da bandeji. Ashe ledar mai ganye ba ta jure ƙusa. Kafin mutum ya kai bakin titi ta huje, ƙusoshi su zube a hanya. Ya ce tayoyi uku aka yi masa Allah ya isa a kansu, ranar Talata kuma shi da kansa ya taka ƙusa 'yar inci huɗu a ƙofar shagonsa.

"Hajiya, ki ba ni ɗauri goma."

"Masu korayen riguna fa?"

"Na yi nazarin dokar. Ba ta hana a sa takarda a cikin leda ba. Ƙusa a jakarki, jakarki a ledarsu. Ganye a waje, kowa ya huta."

Kafin azahar mai kayan famfo ya aiko, mai sabulu ma ya aiko, shi da ba abin da ke huda masa leda, ya dai ce ya saba. Yaya ta aika aka kira matan nan biyu. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jin ƙarar almakashi ta katanga. Duk wanda ya sayi ƙusa a layinmu zai tafi gida da jakar da take ruɓewa amma ba ta da shaida, a cikin ledar da take da shaida amma ba ta ruɓewa. Mai Tawada ya ce tun jiya injinsu bai huta ba.

Roƙona gare ku, jama'a, wannan magana ta tsaya tsakaninmu. In Ranka-ya-daɗe ya ji yadda koren ganye ya yawaita a unguwarmu, lambar yabo zai kawo mana da kansa, kuma layinmu ba zai ɗauki motocin rakiyarsa goma sha biyu ba.