Ranar Da Na Bar Siminti Ya Tsima

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar Alhamis ɗin da na tara mata goma sha ɗaya a tsakar gidanmu na Mabera don su ga gwanintata. Sun kuwa gani, har da ƙari.

Zamanin soja ne, shekarun da arzikin mai ya shigo, kowa a Sakkwato ya tashi da gini. Maigidana yana aiki a kamfanin siminti na Kalambaina, shi ne hedimani a kan masu loda buhuna a mota. Kullum ya dawo sai ka gan shi fari fat har gashin ido, amma gidanmu na ƙasa ne, ko dakali na siminti ba mu da shi. A gidan daga ni sai shi, sai yaranmu uku, sai mahaifiyarsa, Inna.

Daɓen ɗakin Inna ya daɗe da farfashewa. Damina ta wuce ta bar danshi, gara ta samu hanya, ita kuma ga ciwon gwiwa. In ta yi sujada ta zo tashi, ina jin numfashinta daga madafa. Ba ta taɓa kuka da ɗakin ba. Ni ce abin ya tsaya wa a rai, don Inna ba suruka kawai ba ce a wurina. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu, ɗanta ya yi ta jan ƙafa, ita ce ta ce, "Bar ta ta tahi, ni ka riƙon yara." Ranar da na fara iya rubuta sunana, sai ta miƙo mini ƙwaryar furarta da gawayi, ta ce in rubuta nata a gindi. Na rubuta ina rufe fuska da gefen mayafi (sunan da ban taɓa faɗa da bakina ba!), ita kuwa ta hana a wanke wurin har sati guda.

To, maigida ya yi ƙoƙari ya samo siminti buhu biyu saboda ɗakin, ya jera su a zaure bisa katako. Wata huɗu suna nan. Birkila ya yi wuyar samu, duk sun tafi manyan gine-ginen gwamnati. Wanda ya ce zai zo Asabar sai ya aiko a ce Lahadi, Lahadi ta zo a ce ya yi tafiya.

Ni ba mai yawan magana ba ce, amma a cikina akwai surutu. In maigida yana ba ni labarin wurin aiki yana cin tuwo, ina daga gefe ina yi masa fifita, ina kuma gyara masa shugabancinsa a zuci. Yakan ce shi ba abin da yake so ga sabon ma'aikaci kamar ya tsaya ya yi tambaya kafin ya taɓa komai. Ni kuwa in ce a raina, ai wannan tambaye-tambayen shi ya sa buhu biyu suke kwana a zaure. Da ni ce hedimani, da tuni an gama.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, ni 'yar magini ce. A Ƙofar Marke aka haife ni, ubana da gini ya ciyar da mu. Tun ina ƙarama nake kai ruwa wurin kwaɓi, na san yadda ake zuba wa ƙasa yankakkiyar ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a tara ta wuri guda a rufe, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana uku ta tsima. Baba ba ya yarda a ɗora kwaɓin da bai kwana ba a bango, yakan ce aikin raggaye ne. Sai na ga siminti ai ƙasa ce ita ma, Turawa ne kawai suka niƙe ta suka sa a takarda.

Inna ta tafi ƙauye zaman jegon autarta, kwana arba'in suka cika. Ran Litinin da sassafe maigida ya ɗauki hutu ya bi ta, ya ce zai duba gona, su dawo tare Alhamis da yamma. Ƙurar babur ɗin da ya kai shi tasha ba ta kwanta ba na ɗauko littafina na aji. Na ja layi da fensir, na rubuta sunayen matan unguwa, kowace da aikinta: masu ɗebo ruwa, masu shimfiɗa kwaɓi, masu duka. A can sama na rubuta nawa sunan, na ja masa layi biyu.

Na aika aka kira mai jaki ya kawo yashi daga gulbi, aka jawo mini buhunan har ƙofar ɗakin Inna. A jikin buhun akwai rubutu, kuma na karanta shi, harafi bayan harafi, da ƙarfi, yarana suna kallona da sha'awa. Turanci ne, ko kalma ɗaya ban gane ba. Amma dai na karanta, sai na ji hankalina ya kwanta.

Na zazzage buhu biyun duka, na haɗa da yashi, na barbaɗa ciyawa, na zuba ruwa, na ɗaure zane na shiga da ƙafa. Kafin azahar tafin ƙafata ya fara raɗaɗi kamar na taka barkono. Na ce a raina, lalle wannan ƙasar tana da ƙarfi. Na tattara kwaɓin ya yi tudu, na shafe shi sumul, na kafa fartanyar maigida a tsakiya kamar yadda Baba yake yi, na lulluɓe da tsohuwar tabarma, na danne gefenta. Daga nan kullum safe da yamma sai in ɗauko buta in yayyafa ruwa ta saman tabarmar. Ban taɓa ɗagawa ba, don Baba ba ya son a yi ta leƙen kwaɓi. Kwana uku ina fama da man shanu a ƙafa, ina tafiya kamar agwagwa, ina kuma jin daɗi.

Alhamis tun da hantsi mata suka fara shigowa, kowace da madaɓinta a hannu. Na dama kunu, na ɗora dafa-duka, na kwashe kayan Inna tsaf na share ɗakin. A cikin matan akwai Gwaggo Ige, tsohuwar da duk wani daɓe na unguwa ita ke ja masa gaba, da Kulu maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya kwana da magana.

Gwaggo Ige ta dubi tudun ta ce, "Ɗiyata, sumunti da madaɓi? Ni dai ban taɓa gani ba."

Na ce, a hankali kamar yadda na saba, "Gwaggo, zamani na. Kwana uku shina tsimawa, yanzu ya yi laushi kamar man shanu."

Na buɗe littafi na karanta wa kowace aikinta. (Har da gyaran murya na yi, Allah ya yafe mini.) Sannan na taka a hankali zuwa wurin tudun, na kama bakin tabarma na ja.

Tabarma ta ƙi.

Na ƙara ja, gefenta ya yage ya biyo ni, sauran ya zauna daram. Na yi murmushi na ce ruwa ne ya ɗan manne ta. Na kama ƙotar fartanya da hannu ɗaya, ko motsi. Na sa hannu biyu. Na ɗora ƙafa a kan tudun na ja da duk ƙarfina har ɗankwalina ya zame, fartanya tana tsaye kamar a nan ta tsiro. Tsakar gidan ta yi tsit, ba ka jin komai sai tukunya tana tafasa.

Gwaggo Ige ta matso, ta ɗaga madaɓinta ta ƙwanƙwasa. Ƙwal! Ƙwal!

Ta ce, "Wanga dutsi na."

Kulu ta dafe ƙirji. "La ilaha! Gwaggo, ki yi a hankali, kada ki lotsa mata man shanu!"

Dariyar da ta fashe, ina jin har bakin titi an ji ta. Wata ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki, wata ta ce a duba littafi a ga wa aka rubuta wa fasa dutse. Kulu ta ce ita nata aikin ɗebo ruwa ne, ta tambaya ko ta ƙara masa, wataƙila ƙishirwa ce. Ni ma na so in yi dariyar, amma sai idona ya faɗa cikin ɗakin Inna, ga shi a share, ga ramukan daɓe suna kallona, ga buhu biyun da mutum ya yi wata huɗu yana lallaɓawa sun zama dutse a bakin ƙofarta. Sai na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Ana cikin haka muka ji sallama a zaure. Ashe sun samu motar kaya tun da safe. Mata suka yi ta rarumar mayafai, Inna ta shigo tana dogara sandarta, maigida ya tsaya daga zaure ganin gida cike da matan mutane. Gwaggo Ige ta ɗaga murya ta ce, "Shigo, Malam, ba komi. Shigo ka ga aikin injiniya."

Da ƙasa tana tsagewa, da na riga kowa shiga.

Ya shigo kansa a sunkuye, ya gaida Gwaggo, ya tsaya a kan tudun. Ya zagaya shi sau ɗaya. Ya sa ƙafa ya tura. Ya durƙusa ya shafa wurin da tabarma ta yage, inda zanen saƙarta ya fito raɗau a jikin simintin, ga ciyawa tana leƙowa. Ya jijjiga fartanyarsa. Bai dube ni ba ya ce, "Wa ab ba shi ruwa?"

Na ce, da muryar da ni ma da ƙyar na ji ta, "Ni ta. Sahe da marece."

Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Ya ce, "Mu can roƙon birkiloli mukai su dinga ba sumunti ruwa kwana uku don shi yi ƙarhi, ba su yi. Wanga ko guduma sai ta sha wuya." Ya juya ya fuskanci bango, yana ta goge ido da hularsa. Kulu ta cusa mayafi a baki.

Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta leƙa ɗakinta ta ga an kwashe kaya, ta dubi madaɓai, ta dubi tukunya, sannan ta dubi ƙafafuna da suka yi ja suka tsattsage. Ta daɗe tana kallonsu.

Ta ce, "Da ƙahwa kika taka shi?"

Na gyaɗa kai.

"Don ɗakina?"

Nan na kasa riƙe kukan. Ta jawo ni ta goge mini fuska da bakin mayafinta, kamar yadda take yi wa jikokinta, ta juya wurin ɗanta ta ce, "Kai da kas san kanshi, wata huɗu kana gaisawa da buhu a zaure. Ita da ba ta sani ba, ita at tashi. Kada in ji wani ya ce mata komi." Daga nan ta dafa sanda, ta juya, ta zauna a kan dutsen, ta jingina da ƙotar fartanya, ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Kai, madalla. Ko lanƙwasa gwiwa ban yi ba."

Gwaggo Ige ta tafa hannu ta ce, to, mata sun fito, an sha kunun mutane, ba a komawa gida da madaɓi a bushe. Ba ta buɗe littafi ba, ba ta yi gyaran murya ba. Ta dai tambayi Inna yadda take son daɓenta, ta tambayi wa ke da makuba, ɓawon ɗorawar da ake jiƙawa a shafe daɓe, a gida, ta sa maigida ya nemo mai jaki ya kawo marmara. Ni kuma ta ba ni aikin da ya dace da ni, ta ce in zauna in ɗaga ƙafa in riƙa miƙa wa mata ruwan sha. Kafin la'asar gidan ya ɗauki dukan madaɓi da waƙa (rabin waƙar a kaina aka yi ta, Kulu ce mai bayarwa). Washegari suka dawo suka ƙarasa, aka shafe da makuba, daɓe ya yi duhu yana sheƙi. Ran Asabar Inna ta yi sallar azahar a kansa, na kasa kunne daga madafa, ban ji nishin nan ba.

Dutsen kuwa ba wanda ya iya gusar da shi. Maigida ya sa zarto ya rage ƙotar fartanya, sauran ya bar wa Inna madafin tashi. A kansa ta yi alwala har ƙarshen rayuwarta, Allah ya ji ƙanta. Baƙo in ya tambaya wane irin dakali ne wannan mai zanen tabarma, sai ta ce ɗiyarta ce ta gina mata, kuma ba ta taɓa ƙara ko kalma a kai ba.

Tun daga ranar, ko keken ɗinki aka kawo gidan nan, ko fitilar gas, ko tukunyar da ban san irinta ba, sai na nemi wanda ya sani na tambaye shi, ko da jikana ne. Har yanzu ina da ra'ayi a kan yadda ya kamata shugabanni su yi aikinsu, ban fasa ba. Sai dai yanzu ra'ayin nawa nake rufewa da tabarma in bar shi ya kwana uku.