Darasi a Kan Rumbun Hure

Tsoron ya shige ni ne ranar da saƙon shugabar makarantarmu ta Rijiyar Zaki ya iso: korona ta rufe aji, cikin malamai tara uku za a riƙe, waɗanda darasinsu na waya ya fi kyau. Ni ne sabo, ko wata huɗu ban cika ba. A ƙauyenmu na Makoda kuwa, sabis ba ya kamawa sai a saman rumbun kakata Hure. Da hantsi na jingina tsani na hau. Gero ya fara tsiro, kunya bayan kunya har iyakar gani, sai nake ganin kamar ɗalibaina ne a jere suna jirana.

"Lafiya kuwa, angona?" in ji Hure daga ƙasa. "Ka kwana a ɗaki, ka tashi a sama?"

"Amarya, yi mini shiru na minti biyar, aiki nake."

"Aikin ɓera? Shekara huɗu a jami'a, ashe hawan rumbu aka koya maka."

"Me zan sata? Geron da kike tsotsa tun zamanin Turawa don ba haƙori?"

"Haƙoran na ajiye su ne sai na sami mijin kirki. Da wa za ka yi magana a can?"

"Da yara arba'in."

Ta kare rana da tafin hannu, ta duba sararin sama. "Ina suke?"

"Suna gidajensu a birni. Iska ce za ta kai musu muryata."

"Haka nake kiran awakina, ba wanda ya ce mini malama. Ran bikin ubanka da na rangaɗa guɗa, daga Rimin Gado aka amsa."

Cajin wayar ya kusa ƙarewa, mai caji kuma sai ranar kasuwa. Damar ɗaukar murya sau ɗaya gare ni. Na danna, na fara darasin tsirrai, har na manta inda nake, na yi tambaya yadda na saba: "Wa zai gaya mini abin da iri ke buƙata kafin ya tsiro?"

Na tsaya ina jiran hannuwa su tashi. Ba kowa, sai gajimare yana wucewa a hankali.

"Ruwa, Malam!" Hure ta ƙwala. "Da taki! Da mijin da ba rago ba!"

Dariya ta ƙwace mini. "Madalla, yarinyar baya, zauna." Na ƙarasa darasin, na tura shi ga shugaba da muryar Hure a ciki, wayar ta mutu.

"Kin kashe mini aiki, tsohuwa."

"Ɗazu yarinya, yanzu tsohuwa? Maimaita na farkon."

"Yarinyar baya."

Ta yi dariya har da riƙe tsani. "Shekara saba'in ba wanda ya tambaye ni a aji. Na yarda, malami ne kai. Sauko, ga ƙwan zabo biyar, kada ka mutu ka bar ni da takaba."

Yau kwana huɗu. Na sami caji, na ga an buɗe saƙona. Shugaba ba ta ce komai ba tukuna.