Farin Man da Na Goge

Da zan buɗe shagon wasan kwamfuta a Nguru, har Gashua na je na zaɓo furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, wadda za ta shekara goma tana aiki. Oga Sunday mai gyara ya shafa mata wani farin mai, ya ce, "Malam, bari in ɗaura maka." Na ce ai ni ba baƙon kwamfuta ba ne. A gida na ga man nan kamar ƙazanta, na goge shi tas.

Ranar buɗewa shago ya cika, ana tsakiyar tseren mota, sai allo ya ɗauke, ƙauri ya tashi. Kowa ya juyo yana kallona. Ashe man ne ke hana furosesar ƙonewa.

Har yau, in matata ta ga na ɗauki tsumma, sai ta ɓoye wayarta.