Ranar Da Na Tarwatsa Lallen Adda Hauwa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta 'yan gidanmu ba za su bar ni ba, da ranar da na tarwatsa taron lallen Adda Hauwa da sallama ɗaya tak.

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna, amma da ka gan ni tun kafin ranar nan sai ka rantse auta ne. Ina shekara goma sha huɗu, sa'o'ina a unguwarmu ta Shamaki duk sun miƙe, wasu har gashin baki ya fara leƙowa, ni kuwa ina nan jiya i yau. Firit ake ce mini, har malaman Islamiyya. Muryata siririya ce, in na ɗauki wayar Baba sai in ji an ce, “'Yammata, ba ni babanki.” Na yi lilo a reshen darbejiya wai ko ƙashina zai miƙe, na ci wake har na fara tsanar ganinsa, duk a banza. Kakata Hajja kullum ta gan ni sai ta taɓe baki ta ce, “Wannan mijin nawa ko tulu ba zai iya sauke mini ba. Ni dai na fasa auren.”

Sai dai ƙanƙanta ma tana da ribarta. Gidanmu babban gida ne, na Baba da ƙannensa, kuma ba a shiga. Sa'o'ina tuni aka tsayar da su a zaure, ni kuwa kowane gida a layin nawa ne. In na faɗa tsakar gida wata ta fara laluben mayafi, sai a ce, “Ke, Firit ne fa.” Na ci ƙanzo, na sha gulmar da ko mai unguwa bai sani ba. Har hanya ta musamman gare mu, mu yara: wata kafa da ruwan sama ya ɓula a katangar da ta raba mu da maƙwabta, can bayan madafa.

Abu ɗaya ne yake ci mini rai ban taɓa faɗa wa kowa ba. Inna Bafulatana ce ta gaske, kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Daga “kai” sai “yaron nan”. In ba ni da lafiya wata take turowa ta duba ni. Na san al'ada ce, amma wani lokacin sai in tambayi kaina ko da zan ɓata za ta neme ni.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Ana ta jin an kai wa makarantun kwana hari a jihohin da ke kusa, a cikin Gombe ma bam ya tashi a wuraren da muka sani. Baba ya cire ni daga makarantar kwana ya tura ni Lokoja wurin Kawu. Hanya ba daɗi, don haka salla ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban leƙo gida ba.

To a can ne abin da na daɗe ina roƙo ya zo, kuma bai zo da sallama ba. Barci kamar kasa, ci kamar gara (matar Kawu ta fara kulle kicin, ban ga laifinta ba). Gwiwoyina suna ciwo, wanduna suna guduwa sama, ƙuraje suka mamaye goshina. Murya kuwa yau ta yi kauri, gobe ta tsinke a tsakiyar magana. Wayar gidan Kawu ba mai hoto ba ce, kuma hirata da Inna ba ta wuce “Kana lafiya? To ga babanka.” Sau ɗaya dai ta ce, “Mura kake yi ne?” Na ce e.

Kada ku ce ban san na girma ba, akwai madubi a Lokoja. Amma a cikin kaina ni dai Firit ne, wanda ake cewa a bar shi ya wuce.

Da aka sa bikin Adda Hauwa, 'yar ƙanin Baba, sai na lallaɓa Kawu ya bar ni in riga shi tafiya don in ba mutanen gida mamaki. Ban gaya wa kowa ba. A hanya, duk shingen da muka zo sojoji suka ce maza su sauko su ɗaga hannu, har da ni ake nunawa. Mai hankali da ya ɗauki darasi daga nan. Ni kuwa daɗi na ji, ina sauka ina wani buɗe kafaɗa.

Bayan la'asar keke ya ajiye ni a bakin layinmu, da hular hana-salla a kaina da baƙar jaka a bayana (ku riƙe jakar nan). Daga nesa na hango samarin unguwa 'yan sintiri a ƙofar gida da na'urar nan mai ƙara da ake shafa wa mutum a jiki. A lokacin ba bikin da ake yi ba bincike, kuma ba mai shiga taro da jaka. Na ce a raina in na bi ta nan an ɓata mini shiri. Sai na zagaya ta gidan maƙwabta, na tarar ba kowa, duk sun tafi wurin lalle. Na nufi kafar nan tamu. Na yi mamakin yadda ta tsuke, har ina tsaki ina cewa wa ya rage ta. Da kyar na kutsa, na kuje kafaɗa, na miƙe a bayan madafa na kakkaɓe jikina.

Tsakar gida cike take da mata. Zafi ake yi, yawancinsu ba ɗankwali, wasu da ɗaurin ƙirji, ƙafafu a ɗaure cikin leda ana jiran lalle ya kama. Amarya tana tsakiya a lulluɓe. Na fito fili, na buɗe hannuwa, na cika ƙirji da iska na ce, “Salamu alaikum! Ga ni na zo!”

Wallahi a kunnena muryar Firit na shirya. Abin da ya fito kamar ana jan turmi a kan siminti.

Sai wata ta ƙwalla ƙara, “Innalillahi! Jaka! Yana da jaka!”

Ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Masu leda a ƙafa suna santsi suna tashi, tukunyar kunun gyaɗa ta kife, amarya ta yar da lulluɓi ta tsallake tabarma biyu. Hajja, wadda ko banɗaki ba ta zuwa sai da sanda, ita ce ta farko a zaure. Ga kuma inda wautata ta cika: ni ma sai na tsorata. Na ɗauka wani mugun ne ya biyo bayana, na ruga cikin matan ina waige ina neman mai jakar. Su kuwa suka ga ƙato ya biyo su a guje, ihu ya ƙaru.

Ban kai zaure ba na ji ni a ƙasa. Samarin nan sun danne ni, wani ya murɗe hannuwana baya don kada in taɓa wani abu, gora ta sauka a gadon bayana. Ina cewa, “Ni ne! Firit ne!” Sai na ji muryar Sale, wanda muka yi shekaru muna zama tabarma ɗaya a Islamiyya, gwiwarsa a wuyana, yana cewa, “Firit ɗin wa? Mu za ka gaya wa Firit? Yaro ne ɗan mitsitsi!” Wani ya ce a kira sojoji, wani ya ce kafin su zo fa? Nan dariya ta ƙare. Na san abin da ake yi wa wanda aka zarga a kwanakin nan, kuma na ga ba fuskar da ta san tawa. A gidan da aka yanke mini cibiya zan mutu baƙo.

Ban san lokacin da na fashe da kuka na ce, “Inna!” ba. Kuma ikon Allah, muryar ta tsinke. Tsohuwar muryar nan ce ta fito, siririya, wadda na yi shekaru ina jin kunyarta.

Daga baya aka ba ni labari cewa Inna ta riga ta kai ƙofar waje. Tana jin kiran ta juyo, ta keto cikin matan da ke turereniyar fita, ba mayafi, ba takalmi. Ni dai abin da na sani shi ne wani jiki ya faɗo a kaina ya rufe ni, gorar da aka ɗaga ta sauka a hannunta, kuma tana kiran sunana. Sunana na yanka, da ƙarfi, a gaban surukanta da duk unguwa, tana maimaitawa tana cewa, “Ɗana ne! Ku sake shi, ɗana ne!”

Aka zazzage jakar a tsakar gida kowa yana kallo daga nesa. Kayan datti, busasshen kifin da na sayo wa Hajja, man ƙuraje, sai rezar da nake aske 'yan gashin bakin da ba su fi a ƙirga ba. Hajja ta dawo tana ɗingishi (yanzu ta tuna da ƙafar), ta ɗaga kai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “La ilaha illallahu. Wa ya musanya mini miji? To na dawo da auren.”

Maƙwabciyarmu Sista Rahila, 'yar Kaltungo da ke aikin jinya, ita ta ja ni gefe tana wanke mini ciwo. Ummi, wadda muka taso muna wasan ƙasa tare, ta kawo ruwa a kwano. Na ɗago in ce na gode, sai na ji kunnuwana sun yi zafi, na kasa haɗa ido da ita. Sista ta gani, ta yi murmushi ta bari sai da yarinyar ta tafi.

Na ce, “Sista, me ya same ni ne? Ni fa ban canza ba.”

Ta ce, “Kai ne ba ka sani ba, my dear. A ƙasan ƙwaƙwalwarka akwai wani ɗan abu, bai fi ƙwayar wake ba. Tun kana jariri yake zaune shiru. Lokaci na yi ƙwaƙwalwa ta tashe shi, shi kuma ya fara aika saƙo cikin jini, yawanci ma kana barci. Homon muke ce wa saƙon. Shi ya tashi mazantakarka, ita kuma ta ce wa ƙashi ya miƙe, kafaɗa ta buɗe, gashi ya fito. Taɓa nan.” Ta ɗora yatsana a kan ƙullutun maƙogwarona. “Akwatin muryarka ne ya girma, igiyoyin ciki suka yi kauri. Ba su gama zama ba, shi ya sa take tsinkewa. Wannan zafin kunnen da ka ji yanzun nan ma aikinsu ne, ba ciwo ba ne, ba kuma iskanci ba.”

Na sunkuyar da kai. Ta ƙwanƙwasa goshina ta ce, “Amma nan, wurin da ke cewa tsaya ka yi tunani, shi ne na ƙarshe a gini. Sai ka wuce ashirin da 'yan kai. Shi ya sa aka samu jikin ƙato ya bi ta ramin yara da jaka a baya.”

Na ce, “To Inna fa? Yaya aka yi ta gane?”

Ta daina shafa maganin. “Ranar da ta haife ka, da duk lokacin da ta shayar da kai, ita ma jikinta ya zuba nata saƙon. Kukanka ya zauna mata a ƙwaƙwalwa. Kowa a gidan nan gudun mutuwa yake yi, ita kaɗai ta juyo. Ni da nake wannan aiki, har gobe abin yana ba ni tsoro.”

Na zauna ina shafa maƙogwarona. Ina ta lilo a darbejiya, ashe an riga an ajiye agogon a cikin kaina, yana jiran lokacinsa, ba da shawarata ba. Ban taɓa jin girman Ubangiji kamar ranar ba, ina zaune da kunun gyaɗa a wando.

Washegari Baba ya sa aka toshe kafar da bulo, aka share mini ɗakin zaure. Da safe na tashi zan faɗa cikin gida kamar kullum, sai ƙafata ta tsaya da kanta. Na samu wata ƙanwata na ce ta je ta ce ana sallama da Inna. Ina ji daga ciki aka ce, “Ku rufa, namiji ne.” Ta fito da hannu a naɗe da bandeji, ta ajiye mini kwanon koko, idonta a ƙasa ta ce, “Kai, ka karya.”

Har yau ban sake jin sunan a bakinta ba, kuma ban sake tambayar kaina ko za ta neme ni ba. Shawarata dai ga duk yaron da ya daɗe bai je gida ba: in wandonka ya gudu sama, ka bi ta ƙofar gaba, ka bari a shafa maka na'ura. Akwai hanyoyin sanin uwa tana son ka da ba sai an sha gora ba.