Na'urar da ke Jiran Almakashi

Jama'a, wata Talata sati uku da suka wuce na kwashi ƙafafuna masu ciwo na raka maƙwabciyata mai ɗinki asibiti, muka dawo ba abin da aka gama dubawa sai katinta.

Tana wanka ne ta ji wani ɗan ƙullutu a nononta na hagu, kamar ƙwayar gyaɗa, ba zafi ba ƙaiƙayi. Wata biyu tana ɓoyewa. Ni na gano, don ta ɗinka wa jikata riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ita da ba ta taɓa kuskure ba. Na tsare ta sai da ta faɗa.

"Iya, ba ya ciwo fa."

"Shi ne ma abin tsoron, 'yar nan. Ɗauko mayafinki."

Likita ta taɓa, ta ɗaure fuska, ta ce sai an ɗauki hoton nonon a ga ko sankara ce. Na ce madalla, ai mun ji a rediyo an sayo na'urar. Muka bi baranda har ƙarshe. Ga ta kuwa ta taga, fara tas, cikin ledarta, an ɗaura wa ƙofar ɗakin jan ƙyalle. Na tambayi nas ɗin da ke zaune a wurin:

"Sista, ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau, Iya."

"Babu wuta?"

"Akwai."

"Mai aikin ce ta gudu?"

"Ni ce mai aikin. Ba a ƙaddamar ba ne."

Ashe Mai Girma Uban Almakashi ne zai yanke ƙyallen, kuma sau uku yana ɗaga ranar. Na farko ya tafi ƙasar waje a duba masa gwiwa. Na biyu mai ɗaukar hotonsa ya yi mura. Na uku wai launin ƙyallen bai shiga da hularsa ba. Allah ya ƙara masa lafiya, mutum ne mai tsari. Ni ce dai bokona bai yi nisa ba, ban san ƙullutu yana sauraron sanarwa kafin ya girma ba.

Mai ɗinki ta dawo gida ta zauna gaban kekenta, ta kasa takawa. 'Ya'yanta uku, autar ko makaranta ba ta shiga ba.

To, masu cewa gulma ba ta da amfani, ku matso kusa. Washegari na koma asibitin ni kaɗai, na zauna kusa da mai shara, na yaba zanenta. Kafin ta gama goge baranda na san wa ke neman wa a duk asibitin. Na kuma ji cewa ranar Alhamis za a yi gwajin biki: a jera kujeru, a koya wa ma'aikata tafi, a kunna na'ura don kada ta kunyata Mai Girma gaban 'yan jarida. Kuma suna neman wadda za ta tsaya a matsayin marar lafiya.

Alhamis da sassafe muna can. Shugaban kwamitin tarba, wani mai tumbi da tarin takardu, ya dubi mai ɗinki sama da ƙasa.

"Iya, wannan za ta iya yin kamar marar lafiya kuwa?"

"Ranka ya daɗe, wata biyu tana koyo."

"Kada fa ta yi murmushi sai an ce."

"Ba za ta yi ba."

Sista ta kalle ni, na kalle ta. Ta ja hannun mai ɗinki, suka sunkuya ta ƙarƙashin ƙyallen don kada a taɓa shi. A waje ana ta koyon tafi, ɗaya, biyu, uku. A ciki aka ɗauki hoto na gaske. Da suka gama Sista ta mayar da ledar, ta lallaɓe ta kamar ba a taɓa ba.

Likita ta ga hoton, ta sa aka ɗebi ɗan nama aka gwada. Sankara ce, amma ƙarama, ba ta bazu ba. An sa ranar aiki, don wuƙar tiyata dai, Allah ya taimake mu, an ƙaddamar da ita tun zamanin iyayenmu.

Mata, kowane wata ku shafa nononku har hammata. Kin ji abin da ba ki saba ji ba, kada ki jira zafi, nufi asibiti. In kunya kike ji, zo ki ɗauke ni, tawa ta ƙare tuntuni.

Jiya dai Mai Girma ya zo. Yau ga shi a jarida, haƙora a waje, gefensa wata yarinya mai jan baki, 'yar ƙanwar shugaban kwamiti, an rubuta: mace ta farko da aka duba. Mai ɗinki ta ce mu je mu gyara musu. Na ce zauna, 'yar nan, in suka ji an riga Mai Girma, sai su ce hotonki bai halatta ba, su mayar miki da ƙullutun ƙarshen layi. Ku ma da kuka karanta, don Allah ya tsaya tsakaninmu, sai bayan an yi mata aikin.