Faya-fayan da Ke Gadin Tumatir

Na'urar gem, wato wasan bidiyo, iri biyu na gani a kasuwa, na zaɓi wadda ke karɓar tsofaffin faya-fayai. Cikin mutum goma da ke shigowa shagona na gem, shida magidanta ne masu neman gem ɗin ƙwallon da suka buga suna samari, har na yi musu alkawarin gasa ranar Asabar. Faya-fayaina arba'in da uku kuwa shekararsu tara a gidan Kaka. Ina shiga na hango su rataye a kan tumatirinta, suna walƙiya.

"Lafiya lau, angon ƙarya," in ji ta. "Yau yunwa ce ta tuna maka da matarka?"

"Tsohuwa! Dukiyata kika shanya a rana?"

"Masu gadina ne. Tun da na ɗauke su aiki tsuntsu bai taɓa min tumatir ba. Kai mai hannu biyu, me ka taɓa kora?"

"Sha biyar, sha shida... sha bakwai a igiya! Ina ashirin da shida?"

"Ji sarkin ƙirga. Ranar sunanka ma kai ka ƙirga baƙi."

"Ke ranar naki ai ba a ƙirƙiro lissafi ba. Taimaka min, na ƙwallon nake nema. In babu shi, Asabar kunya zan sha. Sabuwar na'urata tana karanta tsofaffin nan."

"Sabuwa fil, kuma ba ta ƙyamar tsoho?"

"Shi ya sa na saye ta. Masu tsohon faifai ba sai sun zubar ba, su ke cika min shago."

"Ashe ƙarfe ya fi ka tarbiyya. Ba kai ka ce shara ne, in zuba a bola ba?"

"Ƙuruciya ce, Kaka."

"Bara fa."

"To, na yarda tsoho na da amfani. Wani tsohon."

"Ɗaga murya, kunnen ya tsufa."

"Na ce tsoho jari ne, ranki ya daɗe!"

Ta yi dariya har da tari, ta shiga ɗaki ta jawo kwali daga ƙarƙashin gado. Ashirin da shida cif, naɗe a zani, ko ƙwarzane babu, na ƙwallon a sama.

"Wannan ban rataye ba," in ji ta. "Na tuna kukan da ka sha ranar da ya ɓace, majina har wuya."

"Na igiya fa? Gobe in kawo miki raga a madadinsu."

"Kawo ragar, ina so. Amma waɗancan sun riga sun sami aiki, kuma sun fi ka zama kusa da ni."